Wa Ya Taɓa Ganin Irin Ƙuduji?

Maigidana ya daɗe yana cewa a duk faɗin Daura ni kaɗai ce macen da za a kawo wuta ta bar guga, ta bar cajin waya, ta zauna kallon ciyawa. Ban taɓa musa masa ba. Tun da muka haɗa tashoshin tauraron ɗan'adam a gidan, akwai wata tasha da ba ta da aiki sai nuna dazuzzuka da itatuwa da tsirrai, kuma ni da ita jininmu ya haɗu. A can na ga ƙwayar wake tana tsaga ƙasa ta miƙe kafin ka haɗiye yawu, abin da a gona sai ka kwana huɗu kana leƙe. A can na ga ganyen da yake rufe baki a kan ƙuda. Shi kuwa tela ne, in ya taso daga shago labarai yake so ko ƙwallo, sai ya tarar na zuba wa wani reshe ido ko ƙiftawa ba na yi.

"Malama," ya ce, "ke fa 'yar manoma ce. Kin baro ciyawa a ƙauye, kin zo birni kina kallonta a akwati."

In ce masa ai shi ma wuni yake yana yanka yadi, ya dawo gida ya ƙare wa ɗinkin rigar mai karanta labarai kallo.

Yanzu ya daina tsokanar. Tun shekarar da kallon ciyawar nan ya hana mahaifina sa ƙaninsa rantsuwa a gaban mai gari, ko ƙwallo ake bugawa na ce a mayar mini da tashata, sai ya miƙo rimot ba musu. Ni ma har yau in na tuna yadda abin ya kusa ɓaci, sai na yi ajiyar zuciya na gode wa Allah.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Baure, ba nisa da Babban Mutum. Baba da ƙaninsa, wanda muke ce wa Baffa, uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma su biyu kaɗai suka rayu a ɗakin kakata. Gida ɗaya, zaure ɗaya, sashe biyu. Tun da na yi wayo a kwano ɗaya nake ganin suna cin abinci: a fito da na sashenmu su ci, a fito da na sashen Baffa su taɓa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka babu mai kama sunana a cikinsu, Uwata suke ce mini. Wannan ya ba ni bakin da sauran 'ya'yan gidan ba su da shi, kuma Allah ya sani ban bar shi ya yi tsatsa ba.

Da kakanmu ya rasu aka raba gandu biyu, aka dasa gamba a tsakiya ta zama iyaka. Baba ya ɗauki gabas, Baffa ya ɗauki yamma. Ƙasar ɗaya ce, jigawa mai rairayi, halin masu noman ne ya bambanta. Baba mutumin gero ne. Gero bana, gero baɗi, in ya canza to dawa ce. Yakan ce rumbu shi ne mutuncin magidanci, kuma ba a tuƙa tuwo da riɗi. Baffa kuwa in ya yi gero bana, baɗi sai ya zuba gyaɗa ko riɗi, Baba yana yi masa dariya wai ya koma noman kayan miya.

Baba yana da wata ƙa'ida da muka haddace tun muna yara: abin da gona ta haifa, gona ce za ta cinye shi. Ba a fitar da ciyawa daga gonarsa, ba a ƙona ta. Duk abin da aka cire sai a kwantar da shi a kwarin kunya, a ja ƙasa a rufe, ya ruɓe ya zama taki. Kuma ba ƙarya ya yi ba, da wannan dabarar ya riƙe gonar shekara da shekaru, maƙwabta suna sha'awar zangarniyarsa.

Sai ƙuduji ya shigo. Shi ne wasu suke ce wa wuta-wuta, ɗan tsiro siriri mai fure ja-ja ruwan hoda, kyakkyawa abinsa. Inda ya fito gero ba ya kai labari, sai ya tsumbure, ganyensa ya ƙone kamar ana fari alhali ruwa yana sauka. Da farko jefi-jefi ne. Baba yakan jira shi ya yi fure, don a lokacin ne ake hango shi daga nesa ba a tsallake ko ɗaya, sai ya bi shi kunya-kunya yana tumɓukewa, ya kwantar, ya rufe da ƙasa yana huci. Shekara ta zagayo ya fito ninki. Baba ya ƙara himma, ƙudujin ma ya ƙara. Har ta kai in ka tsaya a bakin hanya a ƙarshen damina, gonar Baba jawur take, ka tsallake gamba taku ɗaya ta Baffa koriya shar.

Duk wannan na sani, don ina zuwa gida. Abin da ban sani ba shi ne abin da Baba yake saƙawa a ransa. A wani zuwa da na yi tsakiyar daminar na lura ba su ci tare ba, na tambayi mahaifiyata, Inna, ta ce cikin Baffa ne ba ya masa daɗi. Inna in ta so rufe magana, ko da ƙugiya ba ka ciro ta.

Ranar wata Laraba da hantsi ina makarantar firamaren da nake koyarwa, yara sun fita tara, sai wayata ta yi ƙara. Inna ba ta kira, taɓawa take ta kashe ni in kira ta. Ranar ta bar wayar tana ta kuka har na ɗauka.

"Ki zo gida," ta ce, ko gaisuwa ba mu gama ba. "Babanku ya kai Baffanku gaban mai gari. Jibi in an sauko daga Juma'a za a ba shi Alƙur'ani ya dafa."

Na ce a kan me?

"A kan gona. Wai shi ya yi mata sammu. Sau uku yana ganinsa da sassafe yana fitowa daga cikin geronsa da ƙuduji rungume a hannu. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya ce ƙuduji ba shi da iri, kuma abin da ba shi da iri ba ya cika gona sai an turo shi."

A wajenmu wannan rantsuwar ba wasa ba ce. In Baffa ya dafa ya wanke kansa, amma har ya koma ga Allah ba zai manta yayansa ya tsayar da shi gaban jama'a da sunan mai asiri ba. In ya ƙi, gari ya ce magana ta tabbata. Ko ta ina aka bi, katanga za a ja a tsakar gidanmu, a fasa wa Baffa ƙofa ta baya. Na san gidajen da aka yi haka, yanzu jikoki suna wuce juna a hanyar rijiya ba gaisuwa. Tsoro ya kama ni sosai, har sai da na zauna a kan bencin yara.

Ina zaune maganar nan ta ƙarshe ta dawo mini: ba shi da iri. Ai kuwa na taɓa ganin irin, da idona, a akwatin da ake yi mini gori a kansa.

Da bazarar shekarar tashar ta nuna wani shiri a kan tsirran da ba sa neman abincinsu, sai dai su lafe a jikin wasu su sha. Sun nuna kauci a kan reshe, sun nuna wasu da ban sani ba, sai kawai na ga furen gonar Baba ya cika allon. Wata mata tana bayani da Turanci. Aka nuna irinsa a kan yatsa, gari ne kawai kamar ƙurar barkono, sannan aka ƙara masa girma, sai ga kowace ƙwaya da siffarta da zanenta. Ta ce tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa shekaru da yawa ba su mutu ba ba su tsiro ba, sai sun ji saiwar gero ko dawa a kusa. A nan suke farkawa su kama saiwar su yi ta tsotsa a ƙarƙashin ƙasa, kafin manomi ya ga ganye an riga an gama da shi. Ta ce akwai amfanin gona kamar gyaɗa da riɗi da suke tashin irin daga barci amma ba ya samun abin kamawa a jikinsu, sai ya mutu da yunwa. Da aka maimaita shirin washegari na ɗauki wannan wurin da wayata don in nuna wa 'yan ajina. Na nuna musu, suka yi ta mamaki, na manta. Ban taɓa kawo wa raina akwai dattijon da zumuncinsa yake rataye a wannan ƙurar ba, balle a ce ubana ne.

Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta, na ari gilashin nan mai ƙara girman abu da muke koyarwa da shi, na shiga mota zuwa Baure, daga can na hau babur. Da la'asar na isa. Baba yana zaure shi kaɗai a kan buzunsa, wurin zaman Baffa babu ko tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, ya san abin da ya kawo ni.

Ban tsaya kwana-kwana ba, na ciro waya na kunna masa. Hoton yana rawa don hannuna ne ya ɗauka, kuma a tsakiya ana jin muryar maigidana yana tambaya ko an sauke abinci. Ina fassarawa Baba yana kallo da ido ɗaya. Da ya ƙare ya miƙo mini wayar da yatsu biyu.

"Wannan a wace ƙasa ce?"

Na ce ban sani ba, amma ƙudujin dai namu ne.

"Uwata, mutanen da kika ce suna sa wake ya tsiro kafin ka ce kwabo, me ba za su iya haɗawa ba? Tun ban kai tsawon fartanya ba nake noma. Na san irin gero, na san na riɗi, har na ƙarangiya na sani don ya sha kama mini wando. Wa ya taɓa ganin irin ƙuduji?"

Raina ya ɓaci. Ni dama ba a daɗe ana neman fushina. Na ce, "Baba, iska ma ai ba ka taɓa ganinta ba."

"Amma ina jin ta a jikina."

Sai na ɗauko makamin da na san ba ya tsallakewa. Na ce, "In da gaske ni uwarka ce, gobe da safe ka raka ni gona. In ban nuna maka irin nan a gonarka ba, da ƙafata zan raka ka gidan mai gari."

Ya yi wata gajeriyar dariya, ya ce Allah ya kai mu. Sai da na fita daga zauren na tuna ni ma a allo kawai na taɓa ganinsa. In namu ba irin nasu ba ne fa? Na yi cika baki a gaban mutumin da ba ya manta magana.

Na leƙa sashen Baffa in gaishe shi. Yana zaune a gindin rumbu yana tufka igiya, ya rame, idonsa ya yi ja. Ya tambayi maigidana da yara kamar kullum, sannan ya ce, "Uwata, ke ma kin zo kallo?" Na tashi na fita kafin ya ga hawayena.

Da safe na jira raɓa ta bushe. Na shiga ɗakin Inna na zaro wani farin faranti daga cikin jeren kwanukanta, tana mita wai tun aurenta ba a taɓa cin abinci a cikinsa ba yau za a kai shi gona. Muka tafi, Baba a gaba da fartanya a kafaɗa, ni a baya da faranti da gilashi, mutane suna gaishe mu suna bin mu da ido. Kowa ya san abin da za a yi bayan Juma'a.

A tsakiyar gonar na zaɓi wani ƙuduji da furen ƙasansa ya zube, ya bar 'yan ƙananan kwanso busassu a jikin karan. Na karkaɗa shi a kan farantin. Babu komai. Na kama kwanson na murje da yatsu, sai ga wani gari ruwan ƙasa ya bazu a kan farin.

"Ƙasa ce," in ji Baba.

Na miƙa masa gilashin. Ya manna shi a ido kamar tabarau, na kama hannunsa na saukar da shi kusa da farantin, na ce ya ɗaga a hankali har abin ya fito. Ya ɗaga. Ya tsaya. Ya daɗe a sunkuye har na fara jin kukan kurciya a kan aduwar bakin iyaka.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Kowanne da kamanninsa. Duk wannan daga guda ɗaya?"

Na ce ko rabinsa ban murje ba.

Na ji kamar an sauke mini dami daga ka. Har na fara tsara yadda zan ba maigidana labari. Ashe na yi saurin murna. Baba ya miƙe, fuskarsa ta sake ɗaurewa, ya ce, "To ashe ba asiri ba ne. Iri yake watsa mini."

Na zo kashe wuta na ƙara mata kara. Matar akwatin ba ta faɗi abin da ake ce wa mutum irin Baba ba, kuma rana tana ta ɗagawa. Abin da ya zo bakina kawai shi ne in ce ya nuna mini inda yake ganin Baffan. Ya wuce gaba fuu, na bi shi muna ratsa geron da bai wuce ƙuguna ba, har muka iso bakin gamba.

A nan muka tsaya mu duka biyu. Kunya biyar ko shida da suke bin iyakar, tun daga aduwa har hanya, geronsu ya fi ni tsawo, zangarniya ta cika ta sunkuyo. Furen ƙuduji sai ka nema kafin ka ga ɗaya. Baba yana wuce wurin kullum, amma mai fushi ba ya ganin inda ya yi kyau.

Na ce, "Baba, nan ne yake watsa maka?"

Idonsa ya tsallaka gamba, ya sauka a gindin aduwa ta ɓangaren Baffa. Akwai toka a wurin, tari guda, tsohuwa da sabuwa, da guntayen karan ƙuduji da wuta ba ta gama ci ba, duk ɗanyu aka cire su ko fure ba su yi ba.

Na buɗe baki zan tambaye shi inda shi yake kai nasa, sai na ga ba sai na tambaya ba. Ya juya ya koma cikin gonar, ya sa fartanya ya tone kwarin wata kunya, ya jawo wanda ya rufe kwana uku da suka wuce. Ya bushe, kwanson duk sun buɗe baki. Ya karɓi farantin daga hannuna, ya goge shi da gefen rigarsa, ya buga karan a kai sau ɗaya. Farantin ya yi duhu.

Baba ya miƙo mini farantin, ya zauna a kan kunya. Tunda nake ban taɓa ganin ya zauna a kan kunya ba, mu ma dukanmu yake yi in mun zauna.

"Da hannuna," ya ce. "Shekara nawa ina shuka shi, har ina ja masa ƙasa kada tsuntsu ya ci."

Tausayinsa ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ya fi tausayin yawa. Gara ya ji kunya a gabana ni kaɗai da abin da za a yi bayan Juma'a.

Muna nan sai ga Baffa, ya zo duba riɗinsa kamar yadda ya saba. Ya gan mu, ya tsaya a ɓangarensa na gamba, ya yi sallama. Baba ya amsa bai ɗago ba.

"Kai, me kake yi da ƙudujin gonata?"

"Ƙonawa nake, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Damina ta uku ke nan."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na faɗa. Shekarar da na ɗauki busasshe ya ɓata mini hannun riga da wani gari, na ce maka ina jin abin nan yana da iri, a daina rufe shi. Ka ce yaushe aka haife ni." Ya kalli tokar da ke gindin aduwa. "Ba zan yi maka ƙarya ba, har da tsoron kada ya tsallako mini. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma kuma gonar ta mahaifinmu ce, ba na iya wucewa in gan ta haka. Kunya biyar zuwa shida ƙarfina yake kaiwa kafin ka fito."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "To Baffa, da aka kira ka gaban mai gari, bakinka ciwo yake? Me ya hana ka faɗi wannan?"

"Uwata, cewa aka yi in rantse, ba a ce in yi bayani ba. Yaya bai tambaye ni ba sai yau."

Na yi musu tas, su duka biyun. Na ce ga furfura har gemu amma yaran ajina sun fi su iya zama da juna. Na ce ɗaya ya iya zargi bai iya tambaya ba, ɗaya ya iya wahala bai iya magana ba, kuma da mai sunana tana raye da muciya za ta bi su. Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, farantin Inna a hannuna. Daga baya Inna ta ce har bakin hanya ana jiyo ni, wai muryar kakata sak.

Baba ba mutum ne mai cewa a yafe masa ba, duk wanda ya san shi ya san haka. Tashi ya yi ya ci gaba da tone kwarin kunya, yana jawo abin da ya binne yana tarawa a kan tsohon buhun da ya tsinta, a hankali, kada ya karkaɗe. Da ya tara runguma guda ya kai bakin gamba ya ajiye.

"Kana da ashana?"

Baffa ya laluba aljihu ya ciro, ya miƙo ta saman gambar. Baba bai karɓa ba.

"Tsallako ka kunna. Ni ban iya ba."

Baffa ya tsallako. Na bar su a tsugune suna kare wutar da tafin hannu, na koma gida.

Kafin a kira salla Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi gidan mai gari shi kaɗai ya janye maganar. Da aka sauko daga Juma'a mutane suka ƙi watsewa, don da yawa ba su ji an janye ba, kuma wasu tun safe suka shirya kallo. Aka ce Baba ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce shi ya kai ƙara, kuma shi ne mai laifin, ƙaninsa taimakonsa yake yi bai sani ba. Ya ƙara da cewa duk mai ƙuduji a gona ya cire shi kafin fure ya ƙona, wanda bai yarda ba ya zo gida a nuna masa a faranti. Ban san abin da faɗin haka ya ci masa a rai ba, amma na san ba kaɗan ba ne.

Da azahar ɗin Inna ta fito da babban kwano ta kai zaure da kanta. Na laɓe a bayan ƙyaure na ga hannu biyu a ciki. Ba hira suke ba, ci kawai suke, Baba yana tura wa Baffa ɓangaren da miya ta fi taruwa. Na koma madafi na zauna a kan turmi, sai a lokacin na tuna rabona da abincin kirki tun ranar Laraba. Malmala biyu na cinye, Inna tana kallona tana wanke farantinta har sau uku.

Kafin in koma Daura sai da Baba ya sa na kunna masa shirin sau huɗu, kowane karo in fassara daga farko. Wurin gyaɗa da riɗi ne ya fi sa a maimaita, yana gyaɗa kai, Baffa yana gefe yana kallon sama kamar ba da shi ake ba. Da shekara ta zagayo Baba ya zuba gyaɗa a rabin gonar, yana gaya wa mutane dama ya daɗe da wannan tunanin. Duk zuwan da na yi bayan nan, kafin in ajiye jaka zai ce, "Uwata, an yi sabo a na ciyawar?" Har maigidana ya koma shi yake riƙe mini waya in ana nuna wani abu, wai hannunsa ya fi nawa tsayuwa.

Damina biyu Baba ya ƙara a duniya. Ciwon bai daɗe ba. Baffa ne ya yi jinyarsa, a kan cinyarsa ya cika, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na yi kukan rashin uba kamar kowa, amma a ƙarƙashin kukan hankalina a kwance yake. Nakan tuna da an ja katangar nan, da ta ƙofar baya za a zagaya a gaya wa Baffa yayansa ya rasu.

Yanzu Baffa ne yake noma gonar duka, gambar ma ya bar ta ne don zana. Ƙudujin ya ragu sosai amma bai ƙare ba, matar nan ta faɗi gaskiya, irin yana da dogon barci. Duk shekarar da aka sa gero a gabas sai wanda Baba ya binne ya leƙo nan da can. A daminar da ta wuce na tarar da Baffa a ciki da sassafe, ya tsufa, yana tafe yana dafa gwiwa, da ashana a aljihu. Na ce ya bari mana a sa masu ƙarfi su cire. Ya tumɓuke wani ɗan ƙarami da ko fure bai yi ba, ya kakkaɓe ƙasar saiwarsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Bar ni da shi, Uwata," ya ce. "Shukar Yaya ce. Ni na saba bin bayansa."